Dasashina ne ya fara magana, ni kuma na rufe masa baki

Tun ina ƙarama ake zolayata da dariya. Ina da wushirya, kuma ban iya murmushin rabi da rabi ba, in abu ya ba ni dariya sai an hango turamena. Mahaifiyarmu mace ce mai tsananin tsabta, ta fi yarda ka kwanta ba ka wanke ƙafa ba da ka kwanta ba ka wanke baki ba. A wurinta warin baki da jinin dasashi shaidar ƙazanta ne, babu wani bayani bayan wannan. Kullum da dare sai ta jera mu ta ce kowa ya buɗe baki ta gani. Ni ce ba a taɓa kamawa da laifi ba, kuma na girma ina tinƙaho da hakan a zuciyata. Na kawo wannan ne domin a fahimci abin da ya sa mace mai ilimi, malamar makaranta, uwar yara biyu, ta ga jini a bakinta wata da watanni ta yi shiru.

Ina da shekara 34 abin ya fara. Wata safiya na tofar da kumfar man goge baki sai na ga ja a ciki. Na ce buroshin ne ya yi tauri, na sayi mai laushi. Jinin bai tsaya ba. Bayan kamar mako biyu na ɗaga leɓena na sama a gaban madubi, sai na ga naman da ke tsakanin haƙoran gaba, dab da wushiryar tawa, ya tasa. Launinsa ya bar ruwan da na sani ya koma ja mai duhu, har yana ɗaukar shunayya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fuskarsa. Dasashi mai lafiya sumul yake, nawa kuwa ya yi gudaji-gudaji, ƙananan ƙuraje a cunkushe, da ɗigo-ɗigon jini a tsakaninsu kamar an tsattsaga da bakin allura. Babu wani zafi na a zo a gani. Da ya yi zafi ma da ya fi mini, domin zafi ne ke kora mutum asibiti.

Maganata ta farko ga kaina ita ce, "Ke ma kin zama ƙazama." Sai na ƙara yawan goge baki, sau huɗu, sau biyar a yini, ina dirza kamar mai huce haushi. Ina ƙara dirza, jinin yana ƙaruwa. Na koyi dariya da baki a rufe. A aji na koyi magana ina kallon allo. Maigidana ya lura na daina ƙyalƙyala dariya, ya tambaye ni ko wani abu ya yi mini, na ce babu komai, gajiya ce. Gajiyar kuwa gaskiya ce, sai dai ban haɗa ta da bakina ba.

A daidai wannan lokacin ina fama da wata mura da ta ƙi tafiya. Hancina a toshe, ciki yana yin ɓawo mai tauri, in na fyace sai ɓawon ya fito da jini. Haɓo kan zo mini ba gaira ba dalili. Kunnena na hagu ya toshe kamar na shiga ruwa ban tsane ba. Gwiwa ta yi ciwo yau, gobe ciwon ya koma wuyan hannu, jibi ya sauka idon sawu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na samo masa uzuri. Mura ai ƙurar alli ce. Gaɓoɓi ai tsayuwar aji ce. Kasala ai rainon yara da aikin gida. Rama kuwa har daɗinta na ji, don na daɗe ina son rage ƙiba.

Sai da wata ɗaliba ta ce mini a gaban aji, cikin rashin sani irin na yara, "Malama, akwai jini a haƙorinki," sannan na je wurin likitan haƙori. Wata uku ke nan da fara ganin jinin. Ya duba, ya ce kumburin dasashi ne irin wanda dattin haƙori ke kawowa. Aka yi mini wankin haƙori, aka ba ni ruwan kurkure baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar. Na zubar da jini sosai a kan kujerar nan, har mai taimaka masa ta yi ta canza auduga. Ban zarge shi ba, kuma har yau ba na zarginsa da yawa, domin cikin mutanen da ke zuwa masa da jinin dasashi kusan dukansu abin da ya faɗa ne ke damunsu. Abin da na riƙe shi da shi ɗaya ne. Da na koma bayan mako uku kumburin ya bazu zuwa haƙoran gefe da na ƙasa, bai tsaya ya ce me ya sa magani bai ci ba. Ya sake wankewa, ya ce in ƙara kula da tsabta. Na fito ina kuka a ɓoye, kamar mahaifiyata ce ta kama ni a layin dare.

A gefe guda kuma ina zuwa wani wurin saboda hanci. Can aka ce ciwon kogon hanci ne, aka ba ni maganin feshi da wani zagayen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Likitan hanci bai duba dasashina ba, ni ma ban nuna masa ba, don kunya nake ji. Likitan haƙori bai tambaye ni hancina ba, ni ma ban ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba. Jikina ɗaya ne, amma na raba shi gida-gida ina kai wa kowa rabonsa.

A wata na biyar tari ya shigo. Zufa da dare har sai na canza riga. Wata rana na yi tari na ga zaren jini a majina. Aka ɗauki hoton ƙirji, sai ga wasu ƙulle-ƙulle a huhu, ɗaya ma yana da rami a tsakiya. Duk wanda ya ga mai rama, mai zufar dare, mai tarin jini da rami a huhu, tarin fuka zai fara kawowa, kuma ba laifi ba ne a kawo shi. Aka gwada majinata ba a ga ƙwayar cutar ba. Aka sake, ba a gani ba. Duk da haka aka ce mai yiwuwa a fara mini maganin tarin fuka na wata shida a ga ko zan samu sauƙi. A gida na ware kofina da cokalina, na hana yarana hawa jikina. Ƙaramin, mai shekara uku, ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo hannu, ni kuma ina cewa a ɗauke shi. Cikin duk wahalar da na sha, wannan makon ne ba na son tunawa.

Ana cikin haka haƙorina ɗaya na sama ya fara girgiɗi. Yayata ce ta gani, don ita ba a ɓoye mata abu. Ta kama haɓata ta ce, "Buɗe in gani." Na ce, "Yaya, don Allah ki bari." Ta ce, "Ni za ki ji wa kunya? Ni na yi miki wanka." Da ta gani sai ta yi salati. Washegari ta ɗauke ni da kanta zuwa wurin wata likitar haƙori dabam, dattijuwa, a wani babban asibiti inda ake koyar da ɗalibai.

Na zauna ina jiran a ce za a sake wankewa. Matar nan ta ɗaga leɓena, ta haska, ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ƙarfe ko ɗaya ba. Sannan ta ja kujera ta zauna ta fara tambaya. Ina shan maganin hawan jini irin su nifedifin ko amlodifin? Ina shan maganin farfaɗiya, musamman fenitoyin? Ta ce waɗannan sukan sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Ina da juna biyu? Duk na ce a'a. Ta ce haƙorana ba su da dattin da zai kawo wannan kumburin. Wallahi wannan kalmar kaɗai sai da ta sa hawaye ya zubo mini, wata shida ina jiran wanda zai ce ba ƙazantata ba ce.

Sai ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini. "'Yata, hancinki fa, lafiyarsa ƙalau?" Na ce yana toshewa, yana ɓawo, yana jini. "Kunne fa?" Na ce ɗaya ya toshe. "Kina tari?" Yayata ta zaro hoton ƙirjin daga jaka. Likitar ta ɗaga shi a fitila, ta ajiye, ta ce a kira mata ɗalibanta. Suka kewaye ni su shida. Ta ce musu su kalli dasashin nan da kyau, domin mai yiwuwa su gama aikinsu har su yi ritaya ba su sake ganin irinsa ba. Ta ce a littattafan likitanci ana kiransa dasashi mai kamar sitiroberi, saboda jansa da gudajinsa da ɗigo-ɗigonsa sun yi kama da bayan wannan ɗan itacen. Na ji haushin zama abin kallo a ranar. Yanzu kuwa in na tuna cewa akwai likitoci shida a duniya da suka san wannan alamar ta dalilin bakina, sai in ji sanyi.

Ba ta faɗa mini sunan cutar nan take ba. Ta ce akwai abubuwa da yawa da dole a kawar tukuna, na farkonsu sankarar jini, domin ita ma takan kumbura dasashi ta sa shi jini. Ta rubuta gwajin ƙwayoyin jini, gwajin aikin ƙoda, wani gwajin jini da ake kira ANCA, sannan ta ce kafin in bar asibitin a ranar sai an gwada fitsarina. Na ce, "Likita, ai fitsarina ba abin da ya same shi." Ta ce, "Ƙoda ba ta kuka da wuri." Aka tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarin da ni a idona fari tas yake, sai ga jini da sinadarin furotin a ciki. Ta kuma yanki ɗan ƙaramin nama daga dasashin aka kai ɗakin gwaji.

Sakamakon naman bai yanke hukunci ba, kumburi kawai ya nuna mai tsanani da wasu manyan ƙwayoyi a ciki. Daga baya na fahimci haka yakan faru, domin ɗan naman dasashi ba kasafai yake ɗauke da jijiyar da za ta nuna ainihin ɓarnar ba. Gwajin ANCA ne ya fito da ƙarfi, nau'in da ake kira PR3. Sinadarin kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, ya hau, kuma da aka maimaita bayan kwana huɗu ya ƙara hawa. Aka kwantar da ni a ranar. Aka soka allura ta bayana aka ciro ɗan tsoka daga ƙoda, shi ne ya rufe gardama.

Likitan ƙoda ne ya zauna a gefen gadona ya yi mana bayani, ni da maigidana. Ya ce sunan cutar a taƙaice GPA, wato granulomatosis with polyangiitis a Turance, kuma tana cikin dangin cututtukan kumburin jijiyoyin jini. Ba ƙwayar cuta ce ta shige ni ba, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma zan shafa wa kowa ba. Garkuwar jikina ce ta ruɗe. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu sojoji da ke ɗauke da wani sinadari mai suna furotines 3, wato PR3 ɗin nan, da shi suke narkar da ƙwayoyin cuta. Sai jikina ya ƙera makami a kan wannan sinadarin nasa na kansa, shi ne ANCA ɗin da aka gani. In makamin ya taɓa sojojin sai su harzuƙa, su manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini su zazzage dafinsu a wurin. Bangon ya kumbura, ya tsage, naman da jijiyar ke ciyarwa ya fara mutuwa. Ya ce duk inda ƙananan jijiyoyi suka yi yawa, nan ɓarnar ke sauka, wato cikin hanci, kunne, huhu, ido, fata, da matatun ƙoda waɗanda kowace ƙoda ke da kusan miliyan ɗaya. Dasashi ma cike yake da su. Ya ce marasa lafiya ƙalilan ne cutar ke taɓa musu baki, waɗanda kuma take fara bayyana musu ta dasashi sun fi haka ƙaranci, amma in an ga irin wannan dasashin, da wuya ya zama wani abu dabam.

Tambayata ta farko ba ta mutuwa ba ce. Cewa na yi, "To zan iya ɗaukar ɗana?" Ya ce, "Yau ma in an kawo shi."

Da na samu ƙarfin karatu na bi tarihin cutar, don ni malama ce, ba na iya zama da abu ban san asalinsa ba. Wani Bajamushe mai suna Heinz Klinger ya bayyana ta a 1931, sannan Friedrich Wegener, likitan binciken gawa a Jamus, ya yi cikakken bayaninta a 1936 da 1939. Shekaru da yawa da sunansa ake kiranta, cutar Wegener. A 2011 manyan ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi da na ƙoda na Amurka da Turai suka sauya sunan zuwa GPA, bayan an bankaɗo alaƙarsa da jam'iyyar Nazi, kuma don sunan ya riƙa bayyana abin da cutar ke yi. Na kuma karanta cewa kafin a samo magani, yawancin masu ita ba sa cika shekara guda da ganowa, matsakaicin abin da suke yi bai wuce wata biyar ba. Na lissafa watannina na rufe baki, na ajiye wayar, na juya na fuskanci bango. Abin da ya canza labarin shi ne aikin da Anthony Fauci da Sheldon Wolff suka yi a Amurka a shekarun 1970, inda suka nuna cewa haɗa saikulofosfamaid, wani maganin danne garkuwar jiki, da maganin sitiroyid yana kwantar da cutar a jikin mafi yawan marasa lafiya. Shi kansa gwajin ANCA sai a 1985 aka danganta shi da wannan cuta. Da an haife ni a zamanin kakata, da sai dai a ce ciwon hanci ne ya tafi da ni.

Nan kuma aka zo wurin da ya fi mini wuya. Kwana uku aka yi ana ɗura mini sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya, sannan aka ce sai an bi da saikulofosfamaid. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce maganin yana iya taɓa ƙwayayen haihuwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru da yawan abin da aka sha. Ya ce akwai wani, rituksimab, wanda aka amince da shi a Amurka don wannan cutar a 2011, ba ya taɓa haihuwa kamar wancan, amma a lokacin ba ya hannu, kuma ƙodata ba za ta jira ba. Ni kuwa ina da burin na uku. Har suna na tanada a raina. Na kwana ban runtsa ba ina ta auna ɗan da babu shi da yaran da ke gida suna jirana. Maigidana ya ce, "Ni dai ke nake so ki dawo gida." Na ji haushinsa a lokacin, na ga kamar abin ya zo masa da sauƙi. Da asuba na ce a kawo takardar in sa hannu. Ba zan ce zuciyata ta natsu ba, hannuna kawai na sa.

Ana ba ni maganin ta ƙarin ruwa, sau uku na farko duk bayan mako biyu, daga nan duk bayan mako uku. Ana haɗa mini da wani da ke kare mafitsara, ana kuma ce mini in sha ruwa da yawa in yi ta fitsari, don kada guban ya zauna. Kwana biyu bayan kowane zagaye tashin zuciya ne da jiri. Gashina ya yi ta zuba a mataji. Aka ɗora ni a kan kotirimoksazol don kare huhu daga wata cuta da ke kama waɗanda aka danne wa garkuwa, da maganin ƙarfafa ƙashi saboda firednisolon, sitiroyid ɗin da nake sha.

Firednisolon kuwa aboki ne kuma maƙiyi. Cikin mako biyu da fara shi dasashina ya sace, jan ya dushe, gudajin ya baje. Na tsaya a madubin banɗakin asibiti ina ɗaga leɓe ina saukewa kamar mahaukaciya. Wata shida na dirza da wanki da kurkure ba su yi komai ba, ga shi kwana goma sha huɗu sun share shi. Amma shi ɗin dai ya kumbura mini fuska ta zama zagaye kamar wata, ya buɗe mini ciki da yunwa, ya hana ni barci, ya sa ina faɗa da kowa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sukarin jinina ya hau na ɗan lokaci. Mutane suka riƙa ce mini, "Kai, kin murmure, kin yi kyau," ni kuwa na san ba ƙibar lafiya ba ce. Wasu kuma suka daina gane ni a hanya. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Bayan wata shida aka ce cutar ta kwanta. Aka mayar da ni kan azatiyofirin, wani maganin danne garkuwar da ake sha don kada cutar ta tashi, aka yi ta rage firednisolon kaɗan-kaɗan. Na koma aiki. Haƙorin da ya yi girgiɗi bai tsira ba, domin ƙashin da ke riƙe da shi ya riga ya cinye, aka cire shi aka sa na roba. Kunnen hagu bai dawo daidai ba. Ƙodata ta tsira daga wankin ƙoda, amma wani sashe nata ya zama tabo, kuma tabon ƙoda ba ya komawa nama. Na taɓa tambayar likita ko da na zo da wuri da ba a kai ga haka ba. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Malama, da wuri ya fi kullum." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Al'adata ta ɗauke, ta dawo a birkice na wani lokaci, sannan ta tafi gaba ɗaya kafin in cika 37.

Akwai kuskure na biyu, kuma shi ba ni da wanda zan jingina wa. Shekara ɗaya da rabi ina jin garau, sai na gaji da zama mai shan magani. Na gaji da gwajin jini, na gaji da layin asibiti, na gaji da yarana suna tuna mini, "Mama, kin sha?" An faɗa mini cewa cutar nan kwanciya take yi, ba mutuwa ba, kuma masu nau'in PR3 irina sun fi saurin ganin ta dawo. Na ji da kunnena. Duk da haka na fara tsallake rana ɗaya, sai biyu, sai na daina gaba ɗaya ban gaya wa kowa ba. In maigidana ya tambaya sai in ce na sha. Wata huɗu na yi ina jin daɗin 'yancina.

Wata safiya kuma sai ga ja a kumfa. Na ɗaga leɓe, hannuna yana rawa. A gefen wushiryata, a daidai inda ya fara tun farko, wani ɗan wuri da bai fi kan allura uku ba ya yi ja ya yi gudaji. Wannan karon ban sayi sabon buroshi ba. Ko karyawa ban yi ba, na kira yayata na ce, "Yaya, ya dawo, kuma ni na jawo." Ta ce, "Faɗan sai mun dawo, sa takalminki." Kafin azahar an ɗebi jinina da fitsarina. ANCA ya hau, fitsari ya fara nuna ɗan jini, amma kiriyatinin bai motsa ba. Na faɗa wa likita gaskiya cewa na daina magani. Na zaci zai yi mini tsawa. Sai ya ce ba ni ce ta farko ba, ya tambaye ni me ya sa, ya kuma saurari amsar har ƙarshe. A wannan karon aka samu rituksimab. Shi yana share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda daga cikinsu masu ƙera ANCA ke fitowa. Aka kwantar da tashin cikin 'yan makonni, ba tare da ƙodata ta ƙara rasa komai ba.

Faɗan da yayata ta ɗage sai da ta yi shi, kuma ta yi shi da kyau. Mahaifiyarmu ce ba ta yi faɗa ba. Da na ba ta labarin yadda na ɓoye jinin tun farko saboda kada a ce ni ƙazama ce, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe ni na koya miki ɓoyewa." Na ce, "A'a Mama, tsabta kika koya mini." Ba ta yarda ba, ni ma a raina ban gama yarda da maganata ba, muka bar ta a haka.

Ina so in faɗi wani abu a fili, don kada wani ya karanta wannan ya kasa barci. Jinin dasashi abu ne da ya cika duniya, kuma kusan kullum dattin da ke taruwa a gindin haƙori ne sanadinsa, wanki da goge baki suna maganinsa. 'Yata ta fari ta taɓa zuwa mini a firgice da jini a buroshinta, muka je aka duba, datti ne kawai, aka wanke ya wuce. Nawa ya bambanta ta hanyoyin da yanzu nake iya lissafawa da ido rufe. Haƙorana tsaf suke amma dasashin ya kumbura. Fuskarsa gudaji ce mai ɗigon jini. An wanke har sau biyu, an ba da magani, yana ƙara bazuwa. Kuma ba shi kaɗai ya zo ba, ya zo da hanci mai ɓawo da jini, da kunne, da ciwon gaɓoɓi mai yawo, da rama. Duk likitan da na shiga wurinsa yanzu, ko na ido ne, sai na zayyana masa komai daga kai har ƙafa, shi ya zaɓi abin da zai ɗauka. Wasu suna ƙosawa, ina gani a fuskarsu, ba ya hana ni.

Yau shekarata 41. Ina karɓar rituksimab duk bayan wata shida, ana auna jinina da fitsarina duk bayan wata uku. Ina wanke hancina da ruwan gishiri safe da yamma, domin ɓawon bai rabu da ni gaba ɗaya ba. Karan hancina ya ɗan lotsa kaɗan, sai wanda ya san ni da can zai lura. Ina gudun cunkoso in ana mura, kuma zazzaɓi kaɗan ya ishe ni zuwa asibiti, tunda garkuwata a danne take. Ɗalibaina sun san in za su yi mini magana su tsaya ta hannun dama. Sunan da na tanada wa na ukun ƙanwata ce ta sa wa 'yarta, da izinina, kuma yarinyar takan yi hutu a gidana.

Dattijuwar likitar nan ta yi ritaya. Na je mata sau ɗaya da hoton bakina na da da na yanzu, ta roƙi in bar mata na da ɗin don koyarwa, na bar mata. Ta ce in yi dariya ta gani, na yi, har turame. Ta leƙa ta ce na roban ya ɗan fi sauran fari, in na koma wurin wanda ya sa shi in ce ya rage masa haske. Har yanzu ban je ba.